Mahaifina Tsohon Ɗan Fim Ne, Muka Kai Shi A Cire Masa Aljanu

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina bin wannan shafi, ina karanta yadda mutane suke zazzage cikinsu, ina cewa a raina ni kam ko za a yanka ni ba zan yi ba. To ga ni yau na ɗauki biro. Abin da nake roƙo kawai a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin da wannan abu ya faru ni ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja. Shekaruna sun ɗan haura talatin, aurena ya mutu, Allah bai ba ni haihuwa ba. Sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba, an yi mana ƙarin albashi, wayar salula ta shigo kowa yana yawo da tasa a hannu don a gani, duk inda ka waiga gini ne yake tashi. Ina da gidan haya a bene kusa da Jabi, ina da 'yar motata, ina da digiri biyu da nake ji da su kamar ni na ƙirƙiro boko. Amma wanda ya zauna a Abuja ya san yadda garin yake idan Juma'a ta yi. Ana saukowa daga masallaci kowa zai cika mota ya nufi Kaduna ko Kano wurin iyalinsa, a bar irinmu da bango huɗu. Nakan dafa abinci in rasa wanda zan ce wa bismilla. Akwai Asabar ɗin da sai da aka kira magariba na lura ban yi magana da kowa ba tun wayewar gari.

Mahaifina yana Zariya a lokacin, mahaifiyarmu ta rasu ta bar shi shi kaɗai a gida. Mu biyu ya haifa, ni da yayana da ke aiki a Kaduna, don bai yi aure da wuri ba. Dogo ne na ban mamaki, irin wanda sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗaki, ga shi ba mai yawan magana ba. Yadi yake sayarwa a kasuwa, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun ina ƙarama. Abin da muka sani game da ƙuruciyarsa bai wuce cikin cokali ba: ya tafi Ikko, wato Legas, ya yi aikin jirgin ruwa, ya zauna a Ingila na wasu shekaru, ya dawo bayan an sami 'yancin kai. Abin da ba mu sani ba, wanda zan faɗa muku tun yanzu don ku ga irin wautar da muka tafka, shi ne a zaman da ya yi a Ingila ya yi aikin fim. Irin finafinan nan ne na da marasa kala, da ake nuna wasu halittu sun sauko daga wata duniya suna firgita mutane. Shi ne yake shiga cikin rigar roba ya zama halittar. Bai taɓa faɗa wa matarsa ba, balle mu.

Da na ga zaman kaɗaici ya fara taɓa shi, na matsa sai da ya yarda ya dawo wurina. Na gaya wa dangi don in kula da shi ne, kuma gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Ni ma ina bukatar wanda zan tarar a gida, kuma bazawarar da ke zaune ita kaɗai a Abuja ba ta rasa masu ƙirga mata baƙi. Watannin farko sun yi daɗi ƙwarai. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ina dawowa daga ofis zan hango shi a baranda da carbi, yana duba motoci ɗaya bayan ɗaya har ya ga tawa. Yakan tsokane ni wai tuwona na 'yan boko ne, ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa, amma tas yake cinyewa.

Sai mantuwa ta fara. Ya yi sallar la'asar ya sake yi, ya tambaye ni ko Innarmu ta dawo daga unguwa, ya ajiye hularsa a firji. Na kai shi asibiti, likita ya ce mantuwar tsufa ce, ba ta da magani sai lallaɓawa. Ya kuma ce kada in yi mamaki idan ya manta abin da ya ci da safe amma ya riƙa tuno abubuwan da suka faru tun kafin a haife ni. Na gyaɗa kai irin na wadda ta fahimta. Wallahi da kunnena na ji wannan magana, amma da lokacin amfani da ita ya zo ko tuna ta ban yi ba.

Domin abin da Baba ya fara faɗa bai yi mini kama da tuna baya ba. Muna cin abinci sai ya ce mini shi fa ya taɓa saukowa daga sama a cikin wani jirgi mai kama da faifai, hayaƙi na tashi ta ƙarƙashinsa. Ya ce sojoji sun kewaye shi suna harbi, harsashi bai yi masa komai ba. Ya ce ya mutu ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma duk mutuwar da ya yi sai a ce bai mutu daidai ba, ya tashi ya sake. Wata rana ya ce ya fito daga cikin ruwa ɗauke da wata Baturiya tana ihu kamar za ta shiɗe, amma da ya sauke ta sai ta ba shi alewa tana tambayar ko bayansa bai yi ciwo ba. Idan ya faɗi wannan sai ya yi ta dariya har da hawaye. Wani lokaci ya miƙe a tsakiyar falo, ya ɗaga hannuwa, ya riƙa takowa a hankali yana jan ƙafa, sannan ya tsaya cak, wai sai an ƙwanƙwasa masa kai zai ci gaba, don a ciki ba a jin magana.

Ba zan yi masa ƙarya ba, sau ɗaya ya ambaci silima. Na tambaye shi a ina duk wannan ya faru, ya ce a silima mana, sai kuma ya kama bakinsa kamar yaron da ya faɗi abin da aka hana shi. Ni da wayona sai na ce na gano bakin zaren: tsoho yana wuni shi kaɗai gaban talabijin, tashoshin waje sun cika masa kai, ya kasa bambance abin da ya gani da abin da ya yi. Washegari kafin in fita na zare wayar talabijin na jefa a jaka. Abokin hirar da ya rage masa daga safe zuwa yamma ke nan, na ɗauke. Labaran kuwa maimakon su ragu sai suka ƙaru, har da na wani mutumin ƙarfe da ba ya iya zama sai dai a jingina shi da bango, da na azumin da ya yi cikin zafin fitilu har ya yanke jiki ya faɗi. A nan ne zuciyata ta fara raya mini cewa abin ya wuce na talabijin.

Ranar da komai ya lalace ina ofis maigadi ya kira ni da wayar wani maƙwabci, ya ce da irin Hausarsa wai Madam in zo maza, Baba ta fita tun safe ba ta dawo ba. Na bar fayil a buɗe na fito. Mun zagaya unguwa, mun leƙa masallatai, mun shiga tashar Jabi muna tambayar 'yan kamasho, sai wani mai rake ya ce ya ga wani dogon tsoho ya nufi bakin tafki. A can muka same shi, tsaye cikin ruwa har gwiwa da babbar rigarsa, hannuwa a sama, mutane sun taru suna kallo. Na shiga ruwan da takalmina na kama shi ina kuka. Ya dube ni cikin natsuwa ya ce in koma baya kada in shiga hoto, jira yake a ba shi alama. Wata mata a cikin taron ta yi salati ta ce mutanen ruwa ne suka kira shi. Kafin yamma duk gidan benenmu an ji.

Yayana ya zo daga Kaduna a ƙarshen makon. Ya zauna ya saurari Baba na ɗan lokaci, ya ja ni kicin ya ce in ajiye bokona a gefe, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana kiran salla, yau shi ne yake cewa daga sama ya sauko, ya mutu ya tashi, ruwa yana kiransa, me kuma nake jira in gani? Ya ce idan na bari ya mutu da wannan magana a bakinsa, me za mu ce wa Allah? Wannan tambayar ce ta karya ni. Dama wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wani malami a Mararaba, nan bayan Abuja, da ake kai wa masu irin wannan lalura, har manyan mutane da manyan motoci. Ban yi istihara ba, ban tambayi kowa a Zariya ba, muka sa Baba a mota muka ce masa za mu je gaida wani malami ne. Har turare ya shafa, ya sa sabuwar hula.

Ina so a fahimce ni, ban ce babu aljanu ba, Alƙur'ani ya faɗa, kuma ruƙiyya ta gaskiya waraka ce. Amma abin da na gani a gidan nan daban ne. Ɗakuna ne jere a baya, ba taga sai 'yar kafa, warin hayaƙi ya kama ko'ina. Aka zaunar da Baba a tabarma, aka lulluɓa masa bargo, aka tura kaskon hayaƙi a ciki. Malamin ya yi karatu kaɗan, sannan ya daka tsawa ya ce wane ne, daga ina ya zo. Baba yana tari ya amsa masa da ladabi, ya ce ai cewa aka yi daga wata duniya ya zo, amma shi mutumin Zariya ne. Malamin ya juyo ya ce mun ji ko, tsohon aljani ne, tun a teku ya shige shi. Ya ce sai an bar shi a nan an yi aiki a kansa, kuma kada tausayi ya ruɗe mu, duk kukan da za mu ji ba na mahaifinmu ba ne. Da za mu tafi Baba ya miƙe zai bi mu, wasu ƙarti suka riƙe shi. Ya kira ni Uwata, bai ƙara komai ba. Na shiga mota ban waiwaya ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Makon farko na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba. Ba na fargabar kiran maigadi, an daina yi mini maganar makara a ofis, na mayar da wayar talabijin. Sai dai duk yamma idan na shigo layinmu idona kan tafi baranda da kansa, in ga babu kowa, in hau bene in tarar da gidan shiru kamar da, har ya fi. Ranar Asabar nakan bi cunkoson Nyanya in kai masa abinci da kayan sawa. Duk zuwan da na yi sai in ga ya ƙara ramewa ya ƙara yin shiru. Na ga shatar marin ƙarfe a ƙafarsa, aka ce mini yana yunƙurin fita ne. Na ga tabo a bayansa, aka ce ba shi aka daka ba. Na karɓi wannan amsa, ni mai digiri biyu, har na yi godiya.

An shafe watanni a haka. Wata rana ogana, wani dattijo mutumin Katsina mai son raha, ya tambaye ni jikin Baba. Ban san abin da ya sa ba, ranar na buɗe baki na zayyana masa duk abin da Baba yake faɗa, jirgi mai kama da faifai, da sojoji, da Baturiyar. Ya saurara, sai ya yi 'yar dariya ya ce in yafe shi, amma wannan aljani ɗan silima ne, don duk abin da na lissafa sun kalle shi suna samari a gidan silimar garinsu. Ya ce har yana tuna wani dodo mai kai kamar tulu da ya hana shi barci. Raina ya ɓaci, na tattara takarduna zan fita. Har na kai ƙofa ya ce ba da wasa ba yanzu, ba na ce tsohon ya zauna a Ingila ba? To wane aiki ya yi bayan ya sauka daga jirgin ruwa? Na buɗe baki in ba shi amsa, na tarar ban sani ba.

Na je wurin wani Bakano mai sayar da faifan bidiyo a bakin tashar Jabi. Na yi ta kwatance ina jin kunya, ya ce haba Hajiya, waɗannan ai ko kyauta ba mai karɓa, ga na Indiya sababbi ga na Hausa, me zan yi da fim ɗin da ko kala babu. Na dai nace, ya ce zai sa a duba masa a Legas. Bayan kwana biyu ya haɗo mini tari guda a leda, irin faifan da ake cusa finafinai da yawa a ciki. Na zauna wata Asabar da hantsi, ranar da ya kamata in je Mararaba, ina sa wannan ina cire wancan. Yawancinsu abin dariya ne, jirage na kwali, ana ganin zaren da aka rataye su. Har na fara jin haushin kaina, sai ga jirgi kamar faifai, ga hayaƙi, ga sojoji a kwance da bindigogi. Ƙofa ta buɗe, wata doguwar halitta ta fito, hannuwa a sama, tana jan ƙafa.

Na ce da kaina wannan bai isa hujja ba, dogaye suna da yawa a duniya. Sai can wajen ƙarshe, halittar ta juya za ta koma cikin jirginta ana ta harbinta. Ta kai bakin ƙofa, ƙafar hagu ce a gaba. Sai ta ɗan dakata, ta janye ta, ta shiga da dama. Na mayar da faifan baya na sake kallo, na kuma sakewa. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan 'yar dakatawar, don Baba bai taɓa shiga ɗaki ko shago ko mota da hagu ba, ko sauri yake sai ya canza ƙafa. Ga dodo daga wata duniya, Turawa sun wahala sun yi masa kai kamar tulu, amma yana shiga jirginsa da ƙafar dama kamar mai shiga masallaci. Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani irin kuka da ban san ina da shi ba. Da fim ya ƙare na karanta sunayen da ke wucewa tun daga farko, har da na mai gyaran gashi, babu nasa.

Na kira Zariya na sa aka kai wa gwaggona waya, ƙanwarsa, ban da shi ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Tun da aka fara wannan abu cewa kawai muka yi mata iska ce ta taɓa shi, ba wanda ya gaya mata me yake faɗa. Da na tambaye ta maganar fim sai ta ce wa ya gaya mini. Ta ce lokacin da ya dawo daga Ingila ya zo da hotuna yana murna, yana ba su labari a tsakar gida. Jirgin ruwansu ne ya tafi ya bar shi yana jinya a Ingila, wani Bature ya gan shi a layin neman aikin lebura ya zagaya shi yana kallon tsawonsa, shi ke nan. Ya yi shekaru yana wannan aiki, yau dodon ruwa, gobe mutumin ƙarfe, ana biyansa kullum kamar ɗan dako, yana sallarsa a bayan bangon katako, har aikin ya ja baya sanyi kuma ya ishe shi. Kakanmu da ya ji, ya ce ɗansa ba zai zama ɗan kama ba, wanda ya mai da kansa dodo don Nasara su yi kallo, wa zai ba shi 'ya? Ya sa aka ƙona hotunan a gabansa, ya sa shi ya yi alkawarin ba zai sake tayar da maganar ba. Ya riƙe alkawarin nan duk tsawon rayuwarsa, sai da mantuwa ta zo ta kwance shi. Gwaggo ta tambaye ni yana ina yanzu, na kasa faɗa mata.

Ban ko canza kaya ba na ɗauki mota. A Nyanya cunkoso ya riƙe ni, ina zaune ina dukan sitiyari, masu talla suna miƙo mini ruwan leda ta taga. Duk hanyar ina shirya abin da zan ce masa, zan ce na gani, ya ba ni labarin tun daga farko, ba zan katse shi ba. Malamin ya tarbe ni da fara'a ya ce ai dama yana shirin nemana, aiki ya yi kyau, an daɗe rabon da a ji wannan magana a bakinsa. Na ce masa kawai na zo tafiya da mahaifina, don wa zan zaga, ni na kawo shi da ƙafata. Aka fito da Baba rigarsa tana lilo a jikinsa, dogon mutumin nan ya ranƙwafa. A mota ya zauna hannuwansa a kan cinya.

Washegari da rana, bayan ya yi wanka ya ci abinci, na zaunar da shi a falo na sa faifan. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ina kallon fuskarsa. Da jirgin ya bayyana na ga idonsa ya buɗe, leɓensa ya motsa, yatsunsa suka fara ɗagowa daga cinyarsa. Na rantse ya gane. Na ce masa shi ne wannan ko, na ce na yarda, duk abin da ya faɗa gaskiya ne, mu ne ba mu sani ba, ya yafe mana. Sai ya janye hannuwansa ya cusa su ƙarƙashin riga, ya kau da kai ga bango, ya fara a'uziyya. Ya ce ba shi ba ne. Ya ce shi bai taɓa zuwa ko'ina ba, bai taɓa saukowa daga ko'ina ba, wancan aljanin ne yake sa shi faɗa, kuma ya fita. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce Uwata ya warke, wallahi ya warke, kada in gwada shi, kada in mayar da shi. Na tashi na kashe talabijin.

Na sake gwadawa daga baya, da dabara, ba tare da faifan ba. Na ce ya ba ni labarin Ingila kawai, ko na sanyinsu ko na abincinsu. Da ya ji sunan ƙasar sai ya fara istigfari. Gwaggo ta zo har Abuja ta zauna kusa da shi ta ce masa mahaifinsu ya daɗe da rasuwa, alkawari ya ƙare, ya faɗi abinsa, ya dube ta kamar bai san ta ba. Yayana ma na nuna masa fim ɗin, amma har yau ba mu taɓa tayar da maganar ni da shi ba. Baba ya ƙara kusan shekara a wurina. Mantuwa ta cinye sunana, ta cinye na Innarmu, ta cinye hanyar banɗaki, amma tsoron nan ba ta taɓa shi ba. Muna gida ɗaya, ina ba shi abinci a baki, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan shekarar ba. Ya rasu da rana tsaka ina riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara.

Yanzu ni ma ritaya ta kusa. Na bi sauran faifan na same shi a wasu finafinan kaɗan, ko in ce ina zaton shi ne, don babu mai tabbatar mini. Abin da na gane a makare shi ne mu 'ya'ya daga ranar da aka haife mu muke fara lissafin iyayenmu, kamar kafin nan ba su yi wata rayuwa ba. Alhali sun yi, wani ma ya yi irin wadda ko a mafarki ba za ka kawo masa ba, kunya ko alkawari ya sa ya rufe. Ku da kuke da tsofaffi a gida, idan tsufa ya fara buɗe musu baki suka kama faɗin abin da bai shiga hankalinku ba, kada ku yi saurin sa masa suna. Ku nemi sa'anninsu da suka rage ku maimaita musu maganar kamar yadda take, kada ku ce iska ce kawai ku wuce. Idan karatu ne ku zauna ku yi musu da bakinku a gida. Duk inda kuma aka ce muku ku cire tausayi a kan wanda ya haife ku, ku kama hannunsa ku fita. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mahaifina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Sau ɗaya a rayuwarsa ya yi niyyar gaya mini ko shi wane ne, ya bar duniya yana neman gafarar Allah a kan hakan, kuma ni na tuƙa motar da ta kai shi inda aka koya masa.